Koyon Goge a Zangunan Akara: Gado, Bin Maigida da Zaman Aji

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa ganin yadda ake koyar da gogen Turawa, wato bayolin, zai lura da cewa abu ne mai tsari a rubuce. Akwai malami gwani wanda shi kansa makaɗi ne, akwai littafin darasi, akwai ranar zuwa da sa'ar tashi, sannan akwai jarrabawa daga mataki zuwa mataki. Wannan ne ya sa wasu ɗalibai ke ɗaukar cewa goge irin namu ba a koyar da shi, tashi kawai mutum yake yi ya tsinci kansa da iyawa. Wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nuna cewa ba haka abin yake ba. Goge yana da makarantunsa, kuma a birnin Akara ta ƙasar Gana, wadda tsofaffin Zango ke kira Ankara, hanyoyi uku na koyon sa sun haɗu a cikin ƙarni na ashirin. Hanyoyin su ne gado irin na Dagwamba, da bin maigida irin na Hausawa, da kuma zaman aji irin na jami'a.

Dalilin kawo wannan batu a darasin harshe shi ne, goge kayan kiɗa ne mai bin magana. Wanda bai ji harshen waƙar ba yana iya fitar da sauti, amma bai san abin da yake faɗa ba. Saboda haka tarihin yadda ake miƙa goge daga hannu zuwa hannu wani ɓangare ne na tarihin harshen Hausa a wajen ƙasar Hausa. Za a fara da bayanin gogen kansa, sai kafuwar zangunan Akara, sannan a ɗauki hanyoyin nan uku ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Goge da Sassansa

Goge yana cikin kayan kiɗa masu tsirkiya waɗanda ake gogawa, kuma masu nazari da dama suna danganta sunan da aikatau "goga". Jikinsa rabin ƙoƙo ne da ake kira kumbo, wanda ake rufewa da fatar guza, a huda rami a gefe ɗaya na fatar domin sauti ya fita. Sanda takan ratsa kumbon, a ɗaura mata tsagiya, wato tarin gashin wutsiyar doki, daga sama zuwa ƙasa. Ɗan ƙaramin icen da ke ɗage tsagiyar daga kan fata shi ake kira jaki. Abin gogawa kuwa shi ne izga, ita ma gashin doki ce a jikin lanƙwasasshen ƙarfe ko ice, kuma akan shafa mata ƙaro domin ta kama. Ƙanen goge shi ne kukuma, wadda ta fi shi ƙanƙanta da siririyar murya. Littafin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa yana daga cikin ayyukan farko da suka tattara irin waɗannan sunaye a wuri ɗaya.

Bambancin goge da bayolin yana da muhimmanci ga batun koyo. Bayolin, wanda ya samu siffarsa ta yau a arewacin Italiya a ƙarni na 16, yana da tsirkiya huɗu da allon da ake danna su a kai. Goge kuwa tsirkiyarsa ɗaya ce, kuma makaɗi ba ya danna ta har ta taɓa sanda, taɓa ta kawai yake yi da yatsu tana a sarari. Babu wata alama a jikin sanda da za ta nuna wa ɗan koyo inda zai sa yatsa. Ke nan kunne shi ne ma'auni, kuma kunnen nan sai an daɗe ana sauraron gwani kafin ya nuna.

Ba Hausawa kaɗai ke da wannan kayan kiɗa ba. Yarabawa suna kiran sa goje, Zabarmawa suna da nasu mai suna kusan iri ɗaya, Dagwamba suna cewa gonje, Fulani suna da nyanyeru, Wolof na Sanagal suna da riti, Buzaye kuma suna da imzad wanda mata ne ke kaɗa shi. Kamancin sunan a tsakanin Hausa da Yarabanci da Zabarmanci da Dagwambanci yana nuna cewa abin ya bi hanyoyin fatauci ne, kamar yadda goro da gishiri da littattafai suka bi.

3.0 Kafuwar Zanguna a Akara

Asalin kalmar zango masaukin ayari ne. Tun kafin zuwan Turawa, fatake daga Kano da Katsina da sauran garuruwa suna zuwa Gwanja sayen goro, kuma kasuwar Salga ita ce babbar matattararsu. Bayan yaƙin basasar Salga na 1892 kasuwar ta watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete Karachi da Yandi da Kumashi da bakin teku. Daga cikin waɗanda suka bar Salga har da shahararren malamin nan kuma marubucin waƙoƙi, Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Karachi har rasuwarsa a 1934.

Akwai kuma hanya ta biyu, wato aikin soja. Ingilishi sun kawo dakarun da ake kira Hausawan Gulob daga Ikko domin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma a 1879 aka kafa rundunar 'yan sandan Hausa ta wannan mallaka. Ba duk waɗanda ke cikin rundunar ne Hausawa ba, amma Hausa ce harshen bariki, wannan kuwa ya ƙara mata ƙarfi a kudancin ƙasar.

A Akara kanta, tsohon zango yana tsakiyar gari, kuma Malam Naino yana cikin shugabanninsa na farko. Ɗansa Malam Baƙo ne ya kafa Sabon Zango wajen 1912, kamar yadda Deborah Pellow ta bayyana a bincikenta na unguwar. Nima kuwa ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, wani Bafillace mai fataucin shanu, ya samu fili daga iyalin Odoi Kwao na mutanen Ga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu unguwar ta cika da tsofaffin sojoji da lebura da 'yan kasuwa, ta haɗe da maƙwabciyarta Mamobi. Mazauna wurin sun haɗa da Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Dagwamba da Kotokoli da Yarabawa da sauransu. Kowa da harshen gidansu, amma a kasuwa da masallaci da wurin biki Hausa ake yi.

Wannan cakuɗa ita ce ta sa zangunan Akara suka zama wuri na musamman ga tarihin goge. A Kano ko Katsina, mai goge Bahaushe ne a tsakanin Hausawa. A Nima kuwa al'ummomi da yawa masu al'adar goge sun zauna a lungu ɗaya, kowace da irin kallon da take yi wa makaɗinta. Akwai shaida ta hoto mai motsi a kan haka. A 1954 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa mai suna Les Maîtres fous a Akara da kewayenta, a kan 'yan ci-rani daga Nijar masu bautar iskokin da ake kira Hauka. A cikin fim ɗin ana ganin mai goge yana kaɗa taken iskokin kafin su hau. Sunan ƙungiyar ma daga kalmar Hausa aka samo shi. Fim ɗin ya jawo muhawara mai zafi saboda yadda ya nuna mutanen, amma ga mai nazarin goge, ya tabbatar da cewa 'yan ci-rani sun sauka bakin teku da gogensu da takensu.

4.0 Hanyoyin Koyon Goge

4.1 Gado: Tafarkin Dagwamba

A ƙasar Dagwamba, wadda fadarta ke Yandi, goge kayan sarauta ne. Tarihin baka na masu gogen ya nuna cewa kakanninsu sun fito ne daga ƙasar Gurma, a cikin Burkina Faso ta yau, kuma sun shiga fada a ƙarni na 18. Shugaban masu goge na fadar Yandi yana da sarauta da ake kira Yamba Na. Aikinsu shi ne yabon sarki da tuna masa kakanninsa da ayyukansu, kusan irin aikin da makaɗan fada masu taushi da kotso suke yi a ƙasar Hausa.

Tun da sana'ar ta gida ce, koyon ta ma a gida ake yi. Yaro yakan tashi yana jin goge tun yana goye. Matakin farko shi ne a ba shi caki ya riƙa kaɗawa a bayan iyayensa, yana amshi, kuma a wannan aiki har da mata da 'yan mata na gidan. Ta haka yake haddace waƙoƙi da saurin kiɗa tun bai taɓa izga ba. Daga nan sai a haɗa masa ƙaramin goge daidai hannunsa, uba ko baffa ko wa ya riƙa kaɗa gajeren yanki yana maimaitawa. Ba a tambayar yaron ko yana so, domin a ganinsu barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ake miƙa masa ya wuce iya sarrafa yatsu. Ana miƙa masa jerin sunayen sarakuna, da sanin wace waƙa ce ta wane gida, da ladabin tsayawa gaban sarki.

Abin da ya fi jan hankalin ɗalibin Hausa a nan shi ne harshen waƙoƙin. Da yawa daga cikin waƙoƙin gogen Dagwamba da Hausa ake rera su, wasu da Gurmanci, wasu da Dagwambanci. Wato akwai gidajen da Hausa ba harshen uwa ba ce a cikinsu, amma sun adana matanonin Hausa ta hanyar hadda daga kaka zuwa jika. Irin wannan matani yana da daraja ga mai nazarin tarihin harshe, domin abin da aka haddace don fada ba ya saurin sauyawa kamar maganar kasuwa.

4.2 Bin Maigida: Tafarkin Hausawa

A ƙasar Hausa matsayin goge ya sha bamban. Ba ya cikin manyan kayan kiɗan fada kamar tambari da kakaki da algaita. An fi sanin sa da abubuwa biyu, wato bori da wasan bariki. A wajen bori, goge da garaya su ne ke kiran iskoki, kuma kowane iska da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Ɗan Galadima daban, na Malam Alhaji daban, na Inna daban. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 malamai sun ƙara tsananta ƙyamar bori da duk abin da ya raɓe shi. A zamanin Turawa kuma goge ya samu sabon gida a bariki, a otal da gidajen mata masu zaman kansu, inda ake rawa da dare. Wannan ya ƙara masa kasuwa, ya kuma ƙara masa baƙin jini a idon dattawa.

Sakamakon haka, da yawa daga masu gogen Hausa ba gadon sa suka yi ba. Sha'awa ce ke kai su, sau da yawa ba da son iyaye ba. Yaro yakan fara da haɗa gogen wasa da gwangwani da 'yar sanda. In abin ya kama shi, sai ya nemi wani gwani ya raɓa, ya zama yaronsa. Ba a fara ba shi goge. Aikinsa na farko ɗaukar kaya ne da shimfiɗa tabarma da aike. Daga nan ya zauna cikin 'yan ƙwarya yana kaɗa ƙwarya da 'yan sanduna, yana amshi. A nan yake koyon take, da sanin lokacin da maigida zai sauya kiɗa, da karanta fuskar mai biki da ta mai rawa. In maigida ya ajiye goge ya tafi hutawa, yaro yakan ɗauka ya gwada abin da ya ji. Ranar da aka ce masa ya buɗe wasa kafin jama'a su taru, ranar ce jarrabawarsa ta farko.

Gyara a wannan makaranta gajere ne. Maigida ba ya dogon bayani. Yana iya cewa, "Kai yaro, sassauta hannunka," ko ya karɓi gogen ya kaɗa wurin da aka ɓata sau biyu ya mayar. Yaro kuwa ba ya kiran sunan maigida, kuma ba ya tambayar dalili a gaban mutane. Kuɗin makaranta shi ne hidima, ladan ɗalibi kuma shi ne abinci da ɗan kason da ake ba shi daga abin da aka samu a wasa. Ƙarshen karatu shi ne sallama, inda maigida zai sa masa albarka ya tafi ya kafa tasa ƙungiyar, galibi a wani gari domin kada su yi takara. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma wannan karin magana ta dace da yaron mai goge ta fuska biyu: zaman ne ke ba shi iyawa, shi ne kuma ke shafa masa sunan da jama'a suka ba maigidansa.

Wannan tafarki ya fi dacewa da rayuwar zango fiye da na gado. Zango wurin baƙi ne, kuma tsarinsa gaba ɗaya a kan maigida da baƙonsa aka gina shi. Bafatake yana sauka wurin maigida, ɗan koyon ɗinki ko fawa yana bin maigida, almajiri yana bin malam. Saboda haka yaron mai goge bai fita daga tsarin unguwa ba, ko da yake sana'ar tasa ba ta cikin waɗanda ake alfahari da su. Haka kuma, tun da ba jini ake dubawa ba, ƙofar a buɗe take ga wanda ba Bahaushe ba, muddin ya iya harshen waƙar. Faya-fayan garmaho da rediyo, daga baya kuma kaset, sun zama wani malami na biyu. Ta hanyarsu kiɗan gwanaye irin su Garba Liyo da Audu Yaron Goge, da na masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu da Ali Makaho da Hassan Wayam, ya isa wuraren da ƙafarsu ba ta taka ba.

4.3 Zaman Aji: Tafarkin Legon

Hanya ta uku ta zo ne da 'yancin kai. Gana ta samu mulkin kanta a 1957, kuma gwamnatin Kwame Nkrumah ta ɗauki al'adu a matsayin wani ginshiƙi na gina ƙasa. A 1959 aka kafa ƙungiyar makaɗa ta ƙasa mai amfani da kayan kiɗan Turai a ƙarƙashin Philip Gbeho, inda bayolin ke kan gaba. A ɗaya ɓangaren kuma aka kafa Cibiyar Nazarin Afirka a Jami'ar Gana da ke Legon, wadda Nkrumah ya buɗe a hukumance a 1963, tare da makarantar kiɗa da wasan kwaikwayo da ƙungiyar raye-rayen ƙasa da aka fara a 1962. Farfesa J. H. Kwabena Nketia, wanda ya shugabanci cibiyar daga 1965, yana cikin waɗanda suka tsaya a kan cewa a ɗauko gwanayen gargajiya a ba su aikin koyarwa, ko da ba su da takardar shaidar boko.

Daga cikin waɗanda aka ɗauka akwai Salisu Mahama, Badagwambe ɗan gidan masu goge, wanda aka haifa a 1934. Legon ba ta da nisa da Nima da Mamobi, mil kaɗan ne a kan hanyar arewa, amma abin da aka nema daga gare shi sabo ne ƙwarai. Mutumin da ya koyi goge a tsakar gida cikin shekaru masu yawa, yanzu an ba shi baligai waɗanda ba su ji waƙoƙin suna yara ba, wasu ma ba su jin Hausa ko Dagwambanci, aka ce ya koyar da su a cikin zangon karatu. Dole gwani ya yi abin da kakanninsa ba su buƙaci yi ba: ya rarraba waƙa gunduwa-gunduwa, ya rage sauri, ya fara da mai sauƙi, ya kuma amsa tambayar da yaron gida ba zai taɓa yi ba.

Daga cikin ɗalibansa akwai Ba'amurkiya Jacqueline Cogdell DjeDje, wadda ta fara koyon goge a wurinsa a farkon shekarun 1970. Wannan zama ne ya zama tushen kundin digirinta na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas a 1978, inda ta kwatanta gogen Hausa da na Dagwamba. Ta kuma yi rubutu a 1984 a kan waƙoƙin bori na al'ummomin biyu. Bayan shekaru talatin da kammala kundin, a 2008, ta fitar da littafinta Fiddling in West Africa, wanda ya duba goge a tsakanin Fulani da Hausawa da Dagwamba. Salisu Mahama ya rasu a 2001, bai ga fitowar littafin ba, amma yawancin abin da duniyar ilimi ta sani game da gogen Dagwamba ta hannunsa da na danginsa ya biyo. Wani reshe na wannan tafarki shi ne ƙungiyar makaɗa da Nana Danso Abiam ya kafa a Akara a 1988 mai amfani da kayan kiɗan Afirka zalla, inda aka jera masu goge da yawa suna kaɗa abu ɗaya tare, a gurbin da bayolin ke cikewa a ƙungiyoyin Turai.

Zaman aji ya kawo riba da hasara. Ribar ita ce an rubuta, an ɗauki sauti, an kuma ba gwani albashi da girman malami. Hasarar ita ce aji ba ya iya kawo dandalin. Ɗalibi yana iya koyon taken wani sarki ko wani iska daidai, amma bai taɓa ganin yadda sarki ke gyara zama in ya ji nasa ba, bai kuma san nauyin kuskure a gaban mai bori ba. A gidan gado da wurin maigida, ana koyon waƙa tare da wurin da ake yin ta. A aji kuwa waƙar ce kaɗai ke shigowa.

5.0 Abubuwan da Suka Raunana Sarƙar Koyo

Tafarkin bin maigida ya dogara ne a kan abubuwa biyu: kasancewar gwani a gari, da kasancewar wasan da zai ci da shi da yaransa. Abubuwa da dama sun taɓa waɗannan biyun a zangunan Akara. Na farko shi ne dokar korar baƙi da gwamnatin Kofi Busia ta fitar a watan Nuwamba na 1969, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubun dubatar 'yan Nijeriya da Nijar da sauran ƙasashe sun tashi, har da waɗanda a Gana aka haife su. Unguwannin zango ne suka fi jin wannan girgiza, kuma waɗanda suka tafi su ne masu biki da masu ba da kyauta.

Na biyu shi ne dokar hana fitar dare da ta biyo bayan juyin mulkin Jerry Rawlings na ƙarshen 1981, wadda ta ɗauki fiye da shekara biyu. Ta durƙusar da wasan dare a Akara baki ɗaya, kuma goge na cikin kiɗan da dare ne kasuwarsa. Na uku shi ne ƙaruwar wa'azin gyaran aƙida daga shekarun 1970, wanda ya ƙara matsa wa bori. Na huɗu kuwa sauyin zamani ne. Na'urar sauti ta fi ƙungiyar makaɗa arha a wurin biki, kuma samarin Nima masu sha'awar waƙa sun samu wata hanya. Ƙungiyar VIP, wadda ta fito daga Nima ta yi suna a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, ta sa Hausar zango a cikin waƙoƙinta na zamani tare da Turanci da harshen Tuwi. Harshen bai bar waƙa ba, kayan kiɗan ne suka sauya.

Idan aka auna hanyoyin uku, za a ga abin mamaki. Gogen gado yana da fada da ke riƙe da shi. Gogen aji yana da jami'a da ɗakin ajiye sauti. Gogen zango kuwa, wanda ya fi kowanne kusa da talaka, shi ne ba shi da mai riƙe shi. Fada ba ta ɗauke shi nata ba, masallaci bai yarda da shi ba, kuma maigida in ya rasu ba tare da ya sallami yaro ba, duk taken da ke kansa sun tafi tare da shi.

6.0 Darasi ga Ɗalibin Harshe

Hausa harshe ne mai karin sauti, wato akwai na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kuma akwai dogon wasali da gajere. Mai goge yana bin wannan hawa da sauka da tsayin gaɓa, har mai sauraro da ya san take ya ji kalmomin ba tare da an furta su ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa a gidan gado da wurin maigida duk ake fara amshi kafin a taɓa izga. Baki ne ke fara koya, sannan hannu ya bi. Shahararren malamin bayolin na Japan, Shinichi Suzuki, ya gina tsarinsa a kan irin wannan fahimta, cewa yaro ya koyi kiɗa kamar yadda yake koyon harshen uwa, da ji da maimaitawa kafin karatun alama. Abin da ya tsara a rubuce a ƙarni na ashirin, gidajen masu goge sun daɗe suna aiki da shi.

Bugu da ƙari, Hausar Gana tana da siffofinta. Sanannen misali shi ne raunin bambancin jinsi, inda ake amfani da "ya" ga namiji da mace. Ɗalibin da ya samu waƙar goge daga zango yana da damar kwatanta harshen da aka haddace da harshen da ake magana da shi a lungu, ya ga inda suka dace da inda suka rabu. Wannan aiki ne da ɗan aji uku ko huɗu zai iya yi da na'urar ɗaukar magana da haƙuri da ladabi. Sai dai a tuna cewa gwani ba rijiya ba ce da za a ɗebi ruwa a wuce. Ana zuwa masa da gaisuwa da goro, a nemi izini kafin a ɗauki muryarsa, a kuma rubuta sunansa a kan abin da ya bayar.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bi diddigin hanyoyi uku da aka koyi goge a Akara da kewayenta. An ga cewa Dagwamba sun riƙe shi a matsayin gadon fada, Hausawa sun miƙa shi ta hanyar bin maigida, jami'a kuma ta shigar da shi aji ta hannun gwani irin Salisu Mahama. Duk da bambancinsu, hanyoyin sun haɗu a kan abu ɗaya, wato babu mai iya goge sai ya zauna kusa da wanda ke kaɗa shi a bainar jama'a, ya daɗe yana ji. An kuma ga cewa hanyar da ta fi yawan Hausa a cikinta, wato ta zango, ita ce ta fi ƙarancin rubutu. Cike wannan giɓi aiki ne da ya rataya a wuyan masu jin harshen, domin su ne za su gane abin da tsagiya ke faɗa.